Kibiya Sama, Kibiya Ƙasa: Tarihin Samfurin Ising

Duk maƙerin da ke da zuga-zugi da gawayi, a Minna yake ko a Bida, yana da kayan gwada ɗaya daga cikin tsofaffin tambayoyin kimiyyar fiziks. Abin da zai ƙara kawai shi ne maganaɗisu, irin wanda ake ɓallowa daga tsohuwar lasifika. Ya kusanta guntun ƙarfe mai sanyi da shi, zai ji ya manne ƙam. Ya sa ƙarfen a wuta ya yi ta zuga, yana cirowa yana gwadawa. Ƙarfen zai fara ja, maganaɗisu na nan yana kama shi. Can da ya yi jawur, sai kamun ya ɓace ɗungum. Bai narke ba, siffarsa ba ta canza ba, nauyinsa na nan yadda yake. A bar shi ya ɗan huce, sai ya koma mannewa. Wurin da hakan ke faruwa sananne ne, digiri 770 a ma'aunin Salshiyas, kuma maƙeran wuƙa a ƙasashe da dama da wannan alama suke gane cewa ƙarfe ya kusa isa a tsoma shi a ruwa ko a mai don ya yi tauri.

William Gilbert, likitan Sarauniya Elizabeth ta farko, ya rubuta labarin wannan ɗabi'a a littafinsa De Magnete tun 1600. Pierre Curie ya auna ta da kyau a Faransa a 1895, shi ya sa har yau ake kiran wannan ma'auni da sunansa. Kowane ƙarfe mai maganaɗisu da nasa: na nikel bai kai digiri 360 ba, na kobal ya haura 1100. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne yanayin ɓacewar. Ƙarfin yana raguwa a hankali yayin da zafi ke ƙaruwa, sai kuma dab da wurin ya rufta, ya tsaya cak a kan sifili. Zafi dai a hankali yake shiga. Daga ina wannan kaifin iyaka ya fito?

Hanyar tunkarar irin wannan tambaya wani ɗan Ostiriya ne ya share ta, Ludwig Boltzmann, a shekarun 1870. A cikin ƙarfe mai nauyin giram 56 akwai ƙwayoyin zarra da adadinsu ya kai 6 da sifili 23 a bayanta. Ba mai iya bin su ɗaya bayan ɗaya. Boltzmann ya ce to a bar bi, a koma ƙidaya: ta hanya nawa ƙwayoyin za su iya jeruwa, kuma kowane jeri nawa ne makamashinsa? Abu biyu ke ja-in-ja. Ƙwayoyin sun fi karkata ga jerin da makamashinsa ya fi ƙanƙanta, amma irin wannan jeri mai tsari kaɗan ne. Jerin hargitse ya fi tsadar makamashi, sai dai yawansa ba ya ƙirguwa. Zafi ne ke raba gardama: cikin sanyi tsari ke rinjaye, cikin zafi yawa ke rinjaye.

A 1907 Pierre Weiss ya ɗauki kowace ƙwayar zarra ta ƙarfe a matsayin ɗan ƙaramin maganaɗisu, ya ce kowacce tana jin matsakaicin jan dukkan sauran. Lissafinsa ya fitar da ma'aunin Curie, kuma an daɗe ana cin moriyarsa. Amma akwai rami a cikinsa. Ƙarfin da yake buƙata ya ninka wanda ƙananan maganaɗisai za su iya yi wa juna sau ɗaruruwa, ga shi kuma ya ɗauka cewa ƙwayar da ke wannan gefen ƙarfe ta san halin da ta wancan gefen ke ciki.

Wilhelm Lenz ne, a 1920, ya kawo shawarar da wannan tarihi ya ginu a kanta, a wata gajeriyar maƙala lokacin yana koyarwa a Rostok ta Jamus. Wanda ya taɓa tsayawa ya kalli dattawa suna dara a inuwa ya riga ya ga rabin hoton. Gurabe 30 a ƙasa, layi biyar na shida-shida, wannan da tsakuwa wancan da tsinke. A ce an cike kowane gurbi, ko da tsakuwa ko da tsinke, ba na uku. A ce kuma doka ɗaya ce: abin da ke kowane gurbi ya fi son ya dace da na guraben da ke manne da shi, gaba da baya, dama da hagu, kuma bai san komai ba game da waɗanda ke nesa. Zafi shi ne hannun da ke zuwa ba tsari yana musanya tsakuwa da tsinke. A harshen masana, kowane gurbi ƙwayar zarra ce zaune a mahaɗar raga, tana riƙe da kibiya mai kallon sama ko ƙasa. Maƙwabta biyu in sun dace makamashi ya ragu, in sun saɓa ya ƙaru. Iyakar samfurin ke nan. Lenz ya san ƙwayar zarra ta gaskiya ta fi haka rikitarwa nesa ba kusa ba. Da gangan ya zubar da komai ya bar abu ɗaya, domin ya tambaya: maƙwabtaka kaɗai za ta iya sa biliyoyin kibiyoyi su fuskanci alƙibla ɗaya?

Da ya koma Jami'ar Hambug sai ya ba ɗalibinsa wannan aiki, wani saurayi haifaffen Kolon a ranar 10 ga Mayun 1900, mai suna Ernst Ising. Ising ya fara da mafi sauƙi, kibiyoyi a jere a layi ɗaya, kowacce da maƙwabta biyu. Ya warware lissafin tas a kundin digirinsa na dakta a 1924, aka buga taƙaitawarsa a mujallar Zeitschrift für Physik a 1925. Amsar da ya samu mai kashe jiki ce: a layi ɗaya babu ma'aunin Curie. Komai ƙanƙantar zafi, tsari ba ya ɗorewa.

Dalilin yana da daɗin bi. A ce kibiyoyi 1000 ne a jere, duk suna kallon sama. Idan daga wani wuri har ƙarshen layin suka juya ƙasa gaba ɗaya, maƙwabta biyu ne kacal suka saɓa, a daidai inda aka yanke. Farashin ɗan kaɗan ne, kuma ba ya ƙaruwa da tsawon layi. Wuraren da za a iya yin yankan kuwa 999 ne, kuma layi na daɗa tsawo suna daɗa yawa. Don haka yawa ke cin nasara kullum. Har nan Ising bai yi kuskure ko ɗaya ba. Inda ya zame shi ne da ya kawo wasu hujjoji marasa ƙwari ya ce haka abin zai kasance a dunƙulen ƙarfe mai tsawo da faɗi da kauri. Aka ɗauka samfurin ya mutu. A 1928 Werner Heisenberg, da yake gabatar da nasa bayanin, ya ambaci aikin Ising a matsayin shaidar cewa dole a nemi wata hanya. Heisenberg ne kuma ya cike ramin Weiss: ƙarfin da ke sa maƙwabta su dace asalinsa na lantarki ne, daga dokokin sabuwar kimiyyar kwantam, kuma gajeren zango gare shi, kamar yadda Lenz ya zata.

Ising ya bar bincike. Ya ɗan yi aiki a kamfanin lantarki na AEG a Balin, sannan ya zama malamin makaranta. Bayahude ne, don haka da Hitler ya hau mulki a 1933 aka kore shi daga aikin gwamnati. Ya samu koyarwa a wata makarantar kwana ta yaran Yahudawa a Caputh, kusa da Potsdam, dab da gidan hutun Albert Einstein, har ya zama shugabanta. A Nuwamban 1938 'yan Nazi suka farfasa makarantar, suka kori yara da malamai. A 1939 ya tsallaka Luksambag da iyalinsa, da niyyar wucewa Amurka. Sojojin Jamus suka mamaye ƙasar ranar 10 ga Mayun 1940, ranar da ya cika shekara arba'in a duniya. Ya yi kiwon tumaki, ya yi leburanci a layin dogo, an tilasta masa aikin ciccire dogon jirgin ƙasa wa sojojin mamaya. Sai 1947 ya isa Amurka. Ya koyar shekara ɗaya a Minot, sannan ya koma Jami'ar Bradley a garin Peoria, inda ya koyar daga 1948 har ya yi ritaya a 1976. A wajen 1949 ne ya gano cewa sunansa ya cika mujallun kimiyya, a kan aikin da shi kansa ya ɗauka ya faɗi. Bai sake buga bincike a fannin ba. Ya rasu ranar 11 ga Mayun 1998, ɗalibansa suna tunawa da shi a matsayin malamin da ya iya koyarwa. Duk lokacin da na karanta wannan tarihi, shekarun kiwon tumakin nan ne ke tsaya mini a rai, domin a daidai lokacin ne wasu, a can ƙetaren teku, suke mayar da aikinsa ginshiƙi.

Farfaɗowar ta biyo ta hanyar da ba a zata ba, ta wajen tagulla. A shekarun da masanin al'adu S. F. Nadel yake zaune a ƙasar Nupe, daga 1934 zuwa 1936, yana rubuta yadda maƙeran tagulla da masu narka gilas na Masaga suke sana'arsu a Bida, abin da ya zama littafinsa A Black Byzantium na 1942, Lawrence Bragg da Evan Williams suna Manchesta suna tambayar yadda ƙwayoyin zarra ke zama a cikin irin wannan gauraye. Tagulla haɗin jan ƙarfe ne da tutiya. Wadda ake buga tire da buta da ita yawanci tutiyarta ba ta kai rabi ba, shi ya sa take biyayya ga guduma. Amma in aka haɗa kusan rabi da rabi, sai a ga wani abu: a ƙasa da digiri 460 ko kusa da haka, ƙwayoyin suna zama bi da bi, jan ƙarfe a kusurwa, tutiya a tsakiya. A sama da haka kowa ya zauna inda ya samu. Babu maganaɗisu a nan ko kaɗan, amma a sauya "sama" da "jan ƙarfe", a sauya "ƙasa" da "tutiya", lissafin ɗaya ne. Bragg da Williams sun buga nasu a 1934, Hans Bethe ya gyara shi a 1935, abokinsa Rudolf Peierls kuma ya lura cewa wannan ai tsohuwar tambayar Hambug ce.

A 1936 Peierls ya nuna inda Ising ya zame, a maƙalar da ta liƙa wa samfurin sunan Ising, aka bar Lenz a baya. A shimfiɗa mai tsawo da faɗi, in wasu kibiyoyi suna so su juya su kafa tsibirinsu, dole su biya farashi a duk tsawon gaɓar tsibirin. Tsibiri na girma, gaɓa na tsawo, farashi na hauhawa. Hanyoyin zana gaɓar su ma suna ƙaruwa, kusan ninki uku a kowane taki, amma cikin sanyi farashin ya fi ƙarfinsu. Manyan tsibirai ba sa samuwa, mafi yawan kibiyoyi na ci gaba da kallon wuri ɗaya. Ashe maƙwabtaka ta isa, muddin maƙwabtan sun kewaye ka.

Duk da haka zukata ba su kwanta ba. A wani taro a Amstadam a 1937 aka yi ta gardama a kan ko ƙidayar Boltzmann ita kaɗai za ta iya haifar da kaifin iyaka irin na tafasar ruwa, har shugaban zaman, Hendrik Kramers, ya ce a kaɗa ƙuri'a, ita ma ba ta raba gardamar ba. A 1941 Kramers da Gregory Wannier suka gano wata dabara: ragar murabba'i cikin sanyi tana da tagwaye cikin zafi, kowane lissafi na wannan yana da kishiya a wancan. In akwai iyaka guda ɗaya, dole ta kasance a inda ragar ta zama tagwayen kanta. Suka fitar da lambar, 2.269, in an auna zafi da ƙarfin da ke tsakanin maƙwabta biyu. Sun san inda iyakar take, ba su san abin da ke faruwa a kanta ba.

Wanda ya buɗe ƙofar Lars Onsager ne, ɗan Nowe mai koyar da kimiyyar sinadarai a Jami'ar Yale. Mutum ne da bai iya saukar da bayani ba, har an taɓa sallamarsa daga koyar da 'yan ajin farko a Johns Hopkins, amma a lissafi samun irinsa sai an tona. A Fabrairun 1942, a wani taro a Niyok, ya sanar cewa ya warware samfurin na shimfiɗa ɗungurungum, ba kintace a ciki. Maƙalar ta fito a mujallar Physical Review a 1944, ana tsakiyar yaƙi. Ta nuna cewa daga wannan doka guda ta maƙwabtaka, ba tare da ƙarin komai ba, kaifin iyaka yana fitowa da kansa idan ragar ta yi girma ba iyaka. Ta kuma nuna cewa a daidai wurin, zafin da ake buƙata don ɗaga ma'auni da digiri ɗaya yana hauhawa ba tsayawa, abin da lissafin Weiss bai hango ba. An ruwaito cewa da wani abokin masanin fiziks Wolfgang Pauli ya tambaye shi abin da ya faru a fannin lokacin yaƙi, Pauli ya ce babu wani abin kirki in ban da aikin Onsager.

Mutane ƙalilan ne suka iya bin lissafin. Bruria Kaufman ce ta sauƙaƙa shi a 1949, kuma ita da Onsager suka ci gaba da aikin tare. A 1948, a wani taro a Jami'ar Cornell, Onsager ya tashi ya rubuta a allo ƙa'idar yadda ƙarfin maganaɗisun ke raguwa da zafi, bai faɗi yadda ya samo ta ba, bai kuma buga hujjar ba. Sai da C. N. Yang ya shafe kusan wata shida yana fama, a lissafin da ya ce shi ne mafi tsawo a rayuwarsa, kafin ya tabbatar da ita a 1952. A cikin ƙa'idar akwai wata lamba da ke nuna kaifin ruftawar ƙarfin dab da iyaka. Weiss ya ce rabi ce. A shimfiɗa ta fito ɗaya bisa takwas.

Wannan lamba ce ta ja ragamar shekaru ashirin da suka biyo baya. A 1952 ɗin dai, Yang da T. D. Lee suka sake fassara ragar: kibiya sama na nufin gurbi mai ƙwaya, kibiya ƙasa na nufin gurbi wayam. Sai samfurin ya zama hoton ruwa da tururi. Tun 1869 Thomas Andrews ya nuna a Belfast cewa iskar kabon dayoksaid tana da wani ma'auni, digiri 31, zafin da bai kai na tsakar ranar Maris a Minna ba, wanda in an haura shi komai matsi ba za ta rabu zuwa ruwa da tururi ba. Na ruwan sha digiri 374 ne. A dab da wurin, abin da ke garau sai ya yi fari ya dushe. A 1945 Edward Guggenheim ya tattara awon abubuwa takwas, ciki har da agon da naitirojin da oksijin da mitan, ya ga duk sun hau layi ɗaya, lambarsu kusan ɗaya bisa uku. Da aka kintata lambar samfurin Ising na dunƙule, ita ma nan ta faɗa. Tagullar nan mai rabi da rabi ma haka. Ruwa ba shi da raga, ba shi da kibiya. Me ya haɗa shi da tagulla, har su raba lamba ɗaya da wani zane da aka yi da gangan don ya zama mai sauƙi?

Leo Kadanoff ya kama bakin zaren a 1966. A raba ragar gida-gida, a maye gurbin kowane gida da kibiya ɗaya mai bin ra'ayin mafi rinjaye a cikinsa. An samu sabuwar raga mai manyan gurabe. A sake yi, a kuma sake. Idan an fara cikin sanyi, hoton yana daɗa zama bai ɗaya. Idan cikin zafi ne, yana daɗa hargitsewa. Amma a daidai kan iyaka hoton ba ya canza kama: akwai tsibirai ƙanana a cikin manya, manyan a cikin waɗanda suka fi su, a kowane girma. Shi ya sa iskar Andrews ke yin fari, domin wasu tsibiran sun kai girman da za su watsa haske. Kenneth Wilson, a Cornell, ya mayar da wannan tunani lissafi mai aiki a 1971, shi da Michael Fisher suka fitar da lambobin a 1972, aka ba Wilson kyautar Nobel a 1982. Abin da suka nuna shi ne, a kowane zagaye na wannan taƙaitawa ƙananan bambance-bambance suna zubewa. Siffar ƙwayar, nisan maƙwabta, ko raga ce ko ba raga ba, duk suna wankewa. Abin da ke saura kaɗan ne: shimfiɗa ce ko dunƙule, kuma zaɓi nawa kibiyar ke da shi. A ganina nan ne hikimar Lenz ta fito fili, bayan shekara hamsin. Abubuwan da ya zubar su ne waɗanda dama ba sa tasiri a kan iyaka. Ƙarfen maƙeri kansa, wanda aka ƙirƙiro samfurin dominsa, sai ya zamana ɗan wani gida ne na kusa, domin kibiyoyinsa suna iya kallon kowace fuska, lambarsa kuma ta ɗan fi girma.

Daga nan dangi suka yaɗu. Renfrey Potts, a 1952, ya ba kowane gurbi zaɓi fiye da biyu. A 1957 Simon Broadbent da John Hammersley suka tambayi yadda ruwa ko iska ke ratsa abu mai ƙananan hanyoyi, wasu a buɗe wasu a toshe. Masu haƙa rijiyar burtsatse a Minna sun san wannan matsala da jikinsu, domin garin a kan tsohon dutse mai tauri yake, ruwan ƙasa kuma a cikin tsage-tsagen dutsen yake tafiya. Tsaga mai yawa ba ta wadatar sai in sun haɗu da juna sun zama hanya. A ragar murabba'i, in an buɗe hanyoyi ba tsari, sai adadin buɗaɗɗun ya haura rabi cif kafin ruwa ya ratsa daga gefe zuwa gefe, kuma sai 1980 Harry Kesten ya kafa hujjar hakan.

Reshen da ya fi ba da mamaki shi ne na gaurayen da dokarsa ke cin karo da kanta. In aka zuba manganis kaɗan a jan ƙarfe, wasu maƙwabta suna son dacewa, wasu suna son saɓawa. Kibiyoyi uku a kusurwa uku, kowacce na son saɓa wa sauran biyun: ba yadda za a yi kowa ya gamsu. Irin wannan abu in ya yi sanyi yana daskarewa cikin hargitsi, shi ya sa aka danganta shi da gilas, wanda shi ma ƙwayoyinsa ke tsayawa ba tare da sun jeru ba, ko a murhun Masaga ko a babbar masana'anta. Sam Edwards da Philip Anderson suka rubuta samfurinsa a 1975, Giorgio Parisi ya gano a 1979 cewa yanayin da zai iya daskarewa a ciki ba ɗaya ba ne ba biyu ba, tuli ne masu rassa, aka ba shi Nobel a 2021. A 1982 John Hopfield ya ce a ɗauki kowace kibiya a matsayin ƙwayar ƙwaƙwalwa, mai kunnawa ko kashewa, a tsara ƙarfin da ke tsakaninsu yadda kowane kwarin makamashi zai zama abin tunawa guda. Geoffrey Hinton da abokan aikinsa suka ɗora a kai da abin da suka kira na'urar Boltzmann. Nobel ɗin fiziks na 2024 na Hopfield da Hinton ne, saboda wannan aiki yana cikin tushen ƙirƙirarriyar basirar da ke cikin wayoyinmu yau.

Akwai zare ɗaya da na bari baya da gangan, domin shi ya fi shafarmu. Gurabe 30 masu zaɓi biyu-biyu suna da jeri 1,073,741,824. Raga mai gurabe 100 a tsaye 100 a kwance, adadin jerinta lamba ce mai alƙaluma 3011, ba kwamfutar da za ta ƙirga su har abada. A 1953, a Los Alamos, Nicholas Metropolis da Arianna da Marshall Rosenbluth da Augusta da Edward Teller suka buga mafita. A zaɓi wuri ɗaya da ka, a gwada canza shi. In makamashi ya ragu a karɓa. In ya ƙaru a jefa ƙuri'a, wadda zafi ke ƙayyade nauyinta. A maimaita sau miliyoyi, sai ragar da kanta ta riƙa ziyartar jerin da suka fi muhimmanci. Arianna Rosenbluth ce ta rubuta umarnin ga kwamfutarsu mai suna MANIAC, wadda ma'ajiyarta kalmomi 1024 kacal take ɗauka. Kafin ƙarshen shekarun 1950 an gwada dabarar a kan samfurin Ising.

Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna an kafa ta a 1983, shekara guda bayan Nobel ɗin Wilson, ta fara a Bosso kafin ta faɗaɗa zuwa Gidan Kwano a kan hanyar Bida. Kowace waya da ke aljihun ɗalibi a can ta ninka MANIAC sau miliyoyi. Sau da yawa ana gaya wa yaranmu cewa fiziks na gaske sai da injuna masu tsadar da ba mu da su, kuma a fannoni da yawa gaskiya ne. Wannan fanni ba ya cikinsu. Ɗalibar da ta iya rubuta 'yan layuka a Python za ta iya gina raga a tsohuwar kwamfutar cinya, ta ɗaga zafi sannu a hankali, ta ga tsibirai suna tsirowa suna haɗewa, ta auna iyakar ta same ta kusa da 2.269 na Kramers da Wannier. Za ta lura cewa a ƙaramar raga iyakar ba ta da kaifi, tana daɗa kaifi ne in ragar na girma, wato ta ga da idonta abin da aka kasa rabawa da ƙuri'a a Amstadam. Ina so a ce malamanmu suna sa wannan a hannun ɗalibi tun yana aji biyu, kafin a binne shi da ƙa'idojin haddacewa, domin a nan ne mutum ke fara jin bambanci tsakanin karanta sakamako da samo shi.

Daga shimfiɗa zuwa dunƙule, a kwamfuta, ƙarin layi ɗaya ne ko biyu: maƙwabta shida a maimakon huɗu. A takarda kuwa ba wanda ya haye. Onsager ya gwada, Wilson ya bi ta gefe, an sha shelar an warware sannan a gano kuskure. Stanislav Smirnov ya samu lambar yabo ta Fields a 2010, Hugo Duminil-Copin a 2022, dukansu a kan hujjojin da suka shafi waɗannan ragogi, amma dunƙule mai tsawo da faɗi da kauri, wanda shi ne duniyar da tagulla da ruwa suke ciki, har yanzu ba shi da irin warwarar da Onsager ya yi wa shimfiɗa. Kwamfutoci sun sa iyakarsa a kusan 4.51. A 2016 wasu masana huɗu, Kos da Poland da Simmons-Duffin da Vichi, da wata sabuwar dabara da ba ta ma buƙatar zana ragar, suka matse lambar ruftawar nan zuwa 0.326419. Ta shimfiɗa ɗaya bisa takwas ce cif. Wannan kuwa ba wanda ya san ko kason wasu lambobi biyu ce, ko kuwa alƙalumanta za su yi ta tafiya ba maimaici.